Kamfani Ya San Buhun, Bai San Wanda Ya Cika Shi Ba

Daga ƙarshen Oktoba, da zarar iska ta juya hunturu ya fara leƙowa, hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Hunkuyi ta nufi Ɗanja ba ta rabuwa da manyan motoci. Masara da waken suya da dawa ake lodi, rake ya biyo baya, tumatir da attaruhu kuma su karɓi fili idan noman rani ya kankama. Haka abin yake a Tashar Yari, haka a Makarfi, haka a Ikara. Buhun da zai shiga ma'ajiyar babban kamfani kuwa ba ya wucewa salin-alin. Sai an soke shi an ɗebo samfur, an auna laimarsa, an duba tsakuwa da ƙaiƙayi, an tabbatar hunhuna ba ta kama ƙwayar ba. Wanda ya gaza, a mayar wa mai shi abinsa.

Tambayoyin suna da yawa, amma duk a kan hatsin suka tsaya. Da wuya a ji an tambaya ko an sallami wanda ya karye masarar, ko shekarunsa nawa, ko wanda ya goya tankin feshi a gonar ya samu abin da zai rufe hancinsa. Alhali kuwa manyan kamfanonin da ke sayen amfanin gonar arewacin Kaduna sun rubuta da hannunsu, sun wallafa wa duniya, cewa waɗannan tambayoyin ma nauyinsu ne. Lokaci ya yi da mutanen Kudan da Makarfi da Ikara za su san da wannan alkawari, su kuma nemi a cika shi a gonakinsu. Kamfanin da ya iya bin sawun guba har cikin rumbun manomi ba shi da hujjar cewa ɗan ƙwadago ya yi masa nisa.

Ina kayan ke zuwa? Wani kaso yana tsayawa a kasuwannin gida, wani ya wuce Dawanau a Kano, wani ya gangara kudu. Kamfanin Nestlé, mai hedikwata a garin Vevey na Suwizalan, yana yin Golden Morn a masana'antarsa ta Agbara a jihar Ogun da masara da waken suya na gida, kuma Kaduna na cikin manyan wuraren da yake samo su. Olam ya buɗe katafaren injin abincin kaji a Chikun, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a watan Satumban 2017, shi ma masara da waken suya ne cimarsa. A tsakiya akwai irin su Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012 kuma ya yi ƙarfi a ƙasar Ikara da Makarfi. Yana haɗa ƙananan manoma rukuni-rukuni, ya ba su iri da taki bashi, ya karɓi amfani da kaka, ya ajiye, ya sayar wa manyan masu saye, ciki har da Nestlé. Ga kuma masana'antar tumatir ta Ikara, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 1981, ta yi shekaru fiye da ashirin a rufe kafin a ba Springfield Agro hayarta a 2014.

Ke nan mutumin Likoro ko Saulawa da bai taɓa taka Legas ba, guminsa yana kan teburin karin kumallo a Ikeja.

Ƙasar Zazzau ta daɗe da sanin mai saye na nesa. Tun farkon ƙarni na ashirin audugar yankin ta riƙa tafiya masaƙun Ingila ta injin gurza da Turawa suka kafa a Zariya, gyaɗa kuma ta bi jirgin ƙasa ta hannun wakilan kamfanoni. Tsakanin 1942 da 1944, da yaƙin duniya ya matsa wa Ingila da buƙatar kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, ta kai su ramukan Jos bisa tilas, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su a can. Wanda ya narka kuzar a Ingila bai tambayi yadda aka haƙo ta ba, ba kuma wanda ya sa ran zai tambaya. Abin da ya bambanta yau da wancan zamani shi ne mai saye ya amince a rubuce cewa tambayar wajibinsa ce.

A watan Yunin 2011 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan adam, waɗanda Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa. Ginshiƙansu uku ne: gwamnati ta kare mutane, kamfani ya mutunta haƙƙinsu, wanda aka cuta ya samu hanyar da za a share masa hawaye. Abin da ya fi shafar ɗan Hunkuyi shi ne ƙa'idojin ba su tsaya a ƙofar masana'anta ba. Sun ɗora wa kamfani binciko cutarwar da ke manne da kayansa ko da ba shi ya aikata ba, ko da ta hannun mai kawo masa kaya ce, sannan ya yi amfani da ƙarfinsa na babban mai saye har a daina. Da benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a watan Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134, akasarinsu masu ɗinka tufafin manyan kantunan Turai da Amurka, duniya ta ga abin da «ba ma'aikatanmu ba ne» ke haifarwa.

Nestlé na cikin waɗanda suka fi fayyace alkawarinsu, shi ya sa ya fi sauƙin riƙewa a kan maganarsa. A 2018 ya fitar da ƙa'idar sayen kaya wadda ta hau kan kowa, daga mai kwangilar farko, zuwa masu tsaka-tsaki, har zuwa gonar da abin ya fito. A watan Disamban 2021 ya wallafa tsarinsa na haƙƙin ɗan adam, ya lissafa matsaloli goma da ya ce su ne suka fi tsanani a harkarsa. A cikinsu akwai sa yara aiki da hana su karatu, aikin tilas, albashi da kuɗin shiga da za su riƙe iyali, lafiya da tsaro a wurin aiki, da daidaito tsakanin maza da mata. Hatsi kuwa yana cikin kayayyaki goma sha huɗu da kamfanin ya ce ya fi sa wa ido. Ba wanda ya tilasta masa rubuta wannan, kuma abin a yaba ne. Sai dai yabon yana da sharaɗi: a ga alamarsa a bakin gona.

Shin kamfani zai iya isa bakin gonar? An riga an gwada, kuma a jihar Kaduna aka gwada. A 2017 Nestlé da hukumar USAID ta Amurka da ƙungiyar CNFA suka ƙaddamar da shirin inganta masara da waken suya, da nufin kai wa ga ƙananan manoma kimanin 20,000. Damuwar ita ce gubar aflatoxin da fumonisin, waɗanda hunhuna ke bari a ƙwaya idan ba ta bushe da kyau ba ko an shanya ta a ƙasa, da kuma sinadarin alminiyam. Guba ce ta gaske, aflatoxin yana lalata hanta yana kuma tsumburar da yara. Aka tura malaman gona ƙauyuka, aka koyar da shanya a kan tamfol, da tsince ruɓaɓɓiyar ƙwaya, da ajiya a kan katako nesa da ƙasa. Aka horar da masu tara kaya da masu sayar da magani. Aiki ne mai kyau, manomi ya amfana, mai ci ma ya amfana.

Amma a lura da abin da ya sa aka samu ƙafar zuwa. Gubar da ke cikin ƙwaya tana bin buhu har Agbara, tana iya jawo wa kamfani asara da zubewar suna. Gubar da ta shiga huhun mai feshi kuwa a ƙauye take zama, ba ta hawa mota. Don haka aka samar wa ta farko na'urar awo da malaman gona da kasafin kuɗi, ta biyun kuma rabonta bai cika wuce layi ɗaya a cikin takardar Turanci ba.

Matsalar a tsarin take, domin idon kamfani yana ƙarewa ne a kan manomin da ke cikin rajista. Shi ke da lamba, shi aka auna wa gona, shi ya sa hannu a takardar bashi. Amma duk wanda ya san noman wannan yanki ya san ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Gayya ta ja baya, ƙwadago ya maye gurbinta. Akwai samarin da ake yin jinga da su a kan huɗa da noman farko da maimai. Akwai masu karyar masara da masu ɓare ta. Akwai mata, galibi zawarawa da tsofaffi da 'yan mata, masu sussuka da shiƙa da tsintar waken suya, waɗanda sau da yawa ba kuɗi ake ba su ba, 'yan tiyoyi ne na abin da suka sussuka. Akwai 'yan ci-rani da ke saukowa fadamun Kudan daga wasu jihohi, su kwana a bukkar kara a gefen lambu. Akwai almajiran da ake ɗiba da safe a kai su tsinkar tumatir. Ba ɗayansu da ke da takarda. Yarjejeniyarsu ta baki ce, shaidarsu Allah. Idan yamma ta yi suka ce «Alhaji, a sallame mu», aka amsa musu da «ku bari sai an sayar», ba su da ofishin da za su je.

Alkawarin da aka yi a Vevey kamar ruwan da aka sako daga madatsa yake: gonar da ke bakin kwata ta sha ta ƙoshi, ta ƙarshen layi kuwa laima kawai take gani.

Mai feshi ya cancanci a tsaya a kansa. Yau kusan ba gonar masara da ba a fesa mata maganin ciyawa, ba lambun tumatir da ba ya shan maganin ƙwari akai-akai. Da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta afka wa tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya cak wata biyu kacal bayan buɗe ta, abin da manomi ya sani shi ne ƙara magani. An yi ta lissafin asarar manoma da tsadar kwando a Legas. Wanda ya goya tankin kuwa, saurayi ne da silifa da yagaggen wando, yana dama magani da tsinke, tankin yana yoyo a gadon bayansa, iska tana maido masa da feshin a fuska, idan ya gama ya wanke hannu a kwatar da ake ban-ruwa ya ci abinci. Hukumar NAFDAC ta sanar da haramta paraquat daga farkon 2024 saboda haɗarinsa. A watan Yunin 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a cikinsa. Turai ta kare bakin mai ci. Hannun da ya zuba maganin ba wanda ya yi maganarsa.

Sai ɗan dako. Buhun taki kilo 50 ne, buhun siminti kilo 50 ne, amma buhun masara kilo 100, kuma a ka ko a gadon baya ake hawa da shi kan katakon da aka jingina da tirela. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Babban mai saye da ke iya cewa ba ya karɓar masarar da laimarta ta wuce kaza, yana iya cewa ba ya karɓar buhun da ya wuce kilo 50. Magana ɗaya ce daga bakinsa, za ta kuma ceci ƙugu da wuyan mutane da dama.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, sai dai a duba abin da dokar ta tanada. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, gwamnatin Kaduna kuma ta sanar da 72,000 ga ma'aikatanta. Amma dokar da kanta ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho, ta cire masu aikin da ke bin yanayi irin noma. Wato duk mutanen da aka ambata a sama, dokar ta san da su, ta kuma tsallake su da gangan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, amma ɗan ƙwadagon da injin casa ya cinye wa yatsu ba ya cikin rajistar kowa balle a biya shi. Jami'an duba wuraren aiki kuwa, ko masana'antun birni ba su gama zagayawa ba, ina ga fadamar Hunkuyi. Inda doka ta bar giɓi irin wannan, kalmar babban mai saye ita ce abu mafi kusa da doka da ya rage.

Batun yara shi ne inda ake yawan samun saɓani, kuma ya kamata a yi shi da gaskiya. Bahaushe ba zai yarda a ce masa yaron da ya bi mahaifinsa gona ranar Asabar, ya koyi riƙon fartanya, ya kai abinci, ya kori tsuntsu, an zalunce shi ba. Yana da gaskiya, kuma yarjejeniyoyin duniya ma ba su faɗi haka ba. Yarjejeniya ta 138 da ta 182 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, waɗanda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2002, sun bar ƙofar aiki mara nauyi da ba ya cutar da lafiya ba ya kuma hana karatu. Abin da suka hana shi ne yaro ya goya tankin guba, ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, ya wuni a rana yana yi wa wani ƙwadago a lokacin da sa'o'insa ke aji. Wannan ba tarbiyya ba ce, kuma kowane uba ya san bambancin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022, ta fitar a watan Afrilun 2024, ya nuna yara sama da miliyan 24 masu shekara 5 zuwa 17, kashi 39 cikin ɗari, suna aikin da bai dace da su ba, fiye da miliyan 14 kuma aikinsu mai haɗari ne. Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawansu, da sama da miliyan 6. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018. Duk da haka, malaman firamare na karkara sun san yadda aji ke raguwa idan kaka ta yi.

Manomi ba don mugunta yake cire ɗansa daga makaranta ba. Lissafi ne. Taki ya yi tsada tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, kuɗin ƙwadago ya hau, farashin masara kuma yana faɗuwa daidai lokacin da bashi ya zo wuya. Hannun da ba a biya shi ne hannun ɗa. Duk kamfanin da ya matse farashi sannan ya aiko da takarda mai cewa an hana sa yara aiki, ya ba manomi umarni biyu masu karo da juna, kuma na aljihu shi zai yi nasara.

Masu cakulan sun koyi wannan darasi da tsada. A 2001 manyan kamfanoninsu suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel, suka yi alkawarin kawar da mafi munin aikin yara daga gonakin koko na Afirka ta Yamma. Aka yi ta ɗage wa'adi. A 2020 binciken cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ya gano yara miliyan 1.56 suna aikin koko a Kwaddibuwa da Ghana. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar da wasu 'yan Mali shida suka kai Nestlé da Cargill, inda suka ce an yi safararsu suna yara zuwa gonakin Kwaddibuwa. Kotun ba ta ce ƙarya suke yi ba, cewa ta yi abin ya faru ne a wajen Amurka. Bayan shekara ashirin na takardu da masu bincike, sai Nestlé ya juya ga tushen abin. A watan Janairun 2022 ya sanar da shirin biyan iyalan manoman koko har faran 500 na Suwizalan a shekara, ta wayar hannu, rabi a hannun maigida rabi a hannun uwargida, idan sun sa yara makaranta, sun gyara itatuwansu, sun dasa wasu, sun nemi wata sana'ar. A shekarar ya nufi iyalai 10,000 a Kwaddibuwa, da burin kai wa 160,000 kafin 2030.

Ma'ana kamfanin da kansa ya yarda cewa wa'azi ba ya fitar da yaro daga gona, kuɗi ke fitar da shi. To yaron Kudan da na Kwaddibuwa duk yara ne. Abin da ya raba su shi ne cakulan ana cin sa a Landan da Niyok, inda 'yan jarida da lauyoyi ke bin diddigi, masarar Ikara kuwa a Najeriya ake cin ta, kuma mai saye a kantin Kano ko Fatakwal bai saba tambaya ba. Haƙƙin ɗan adam da ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon wanda zai ci kayan bai cika sunansa ba.

Kamfanoni suna da amsa, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce abin da suke saye ɗan kaɗan ne a cikin masarar Arewa, mafi yawa yana tafiya ne ta hannun dillalai da ba su yi wa kowa alkawari ba. Za su ce a kasuwa hatsi gauraya yake, buhu ɗaya yana iya ɗauke da amfanin gona biyar. Za su ce idan aka tsananta sharuɗɗa, ƙaramin manomi ne zai faɗi, a koma ga manyan gonaki ko a shigo da masara daga waje. Wannan na ƙarshe abin tsoro ne na gaske, kuma duk mai son yankin ba zai so a kori talaka daga kasuwa da sunan kare shi ba.

Amma gaurayar kasuwa ba ta hana a gano gonar da ta kawo hunhuna ba. Inda ake aiki da rukunin manoma masu rajista, an san gona, an san mai ita, malamin gona yana zuwa da wayarsa sau da dama a damina. Ƙara masa tambaya uku ko huɗu a kan waɗanda ya tarar suna aiki ba zai karya kowa ba. Ƙanƙantar kaso kuma ba ta rage tasiri, domin mai sayen da ke biya a kan lokaci kuma ya ɗora ɗan ƙari, shi kowa ke son sayar wa, sharaɗinsa kuma yakan zama abin koyi a kasuwa. Game da korar manomi, ƙa'idojin 2011 ɗin kansu sun fifita gyara a kan yanke hulɗa. Idan an tarar da yaro da tankin feshi, abin yi shi ne a san dalili a taimaka, ba a soke sunan ubansa ba.

Abin da ake nema ba mai wuya ba ne. Kamfanin da ke ba da maganin feshi bashi ya haɗa da safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci a cikin kayan, a kan kuɗinsa, ko ya horar da manyan samari su zama masu feshi na haya da cikakkun kayan kariya. A ware ɗan ƙari a kan kowane buhu ga rukunin da ya nuna yana biyan 'yan ƙwadago a ranar da suka yi aiki kuma yaransa suna zuwa aji, a biya wani sashe a hannun mata kamar yadda aka yi a koko. Alkawarin kansa a fassara shi da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a rediyo, a manna shi a wurin awo. Nestlé yana da kafar kai ƙorafi mai suna Speak Up, to amma matar da ke shiƙa a Gubuci lambar waya take buƙata wadda za ta kira kyauta, Bahaushe ya ɗauka, kuma ta tabbata mai gona ba zai ji sunanta ba. Sannan kowace shekara a faɗa wa jama'a gonaki nawa aka duba a Kaduna, me aka tarar, me aka gyara. Tunda gwamnatin Amurka ta rushe USAID a 2025, ba sauran jiran mai ba da tallafi. Wanda ke cin ribar hatsin shi zai ɗauki kuɗin.

Kada kuma a sa rai Turai za ta yi wa yankin wannan aiki. Jamus ta fara aiki da dokarta ta sa ido a kan masu kawo kaya a 2023, Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2024, amma a 2025 aka ɗage lokacin fara ta aka kuma shiga rage mata kaifi. Ko da ta tsaya da ƙarfinta, masarar da aka noma a Makarfi aka ci a Legas ba ita ce za ta fara damun Tarayyar Turai ba.

Nauyin bai tsaya a kan baƙi kaɗai ba. Mai gonar da ke riƙe kuɗin leburori har sati biyu ɗan gari ne, a sahu ɗaya suke salla da su, kuma ya sha jin malamai suna jan kunne a kan jinkirta haƙƙin ma'aikaci. Dillalin da ke cusa buhu har ya wuce kilo ɗari ɗan gari ne. Malamin da ke tura almajiransa lambun wani tun asuba shi ma haka. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, waɗanda ke sasanta rikicin iyakar gona kullum, suna da ikon tsayar da ƙa'ida a kan lokacin biyan jinga da shekarun mai feshi, kuma za a ji maganarsu fiye da ta kowane mai bincike daga Legas.

Dama mafi girma tana hannun ƙungiyoyin manoma da majalisun ƙananan hukumomin uku, kuma lokacinta ba kaka ba ne, domin a lokacin bashi ya riga ya hau, manomi ba shi da bakin ciniki. Lokacinta bazara ne, tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da wakilan kamfanoni ke zagayawa suna neman wanda zai yi rajista, suna gogayya da juna a kan manoman kirki. A nan ne shugaban rukuni zai iya cewa a karanta masa alkawarin kamfanin da Hausa kafin ya dangwala, ya nemi a rubuta kayan kariya da ranar biya da nauyin buhu a cikin yarjejeniya. Sashen gona na sakatariyar Kudan da ke Hunkuyi zai iya tara kwafin waɗannan yarjejeniyoyi, ya gayyaci kamfanonin da takwarorinsa na Makarfi da Ikara zama ɗaya kafin ruwan farko, a kira wakilan 'yan dako da mata masu sussuka su ma su zauna a faɗa a gabansu.